Duwatsun Gindin Dabino

Gonar dabinon da nake kula da ita a Awali, nan Madina, ba tawa ba ce, ta Baffa ce, ƙanin mahaifina. Shi shagon kayan mota gare shi a unguwar Sultana, can yake wuni, gonar kuwa sai ya ga dama yake leƙo ta, galibi idan yana da baƙin da yake son ya burge. Ni ya ɗora a kanta bayan na gwada aikin ofis sau biyu ban zauna ba. A danginmu da abu ɗaya aka san ni, wato baki. Idan aka taru cin abincin Juma'a a gidan Baffa, ni ake jira in buɗe hira, ni kuma ban taɓa ƙi ba. Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin baiwa. Yanzu idan na tuna abin da bakin nan nawa ya aikata, ba na sake kiransa baiwa.

Kakanmu da ƙafa ya taso daga ƙasar Katsina, ya yi shekaru yana noman auduga a Sudan kafin ya ƙetaro teku, ya zauna Madina bai koma ba. Mu duk a nan aka haife mu, 'yan ƙasa ne da takardunmu. Amma har gobe, idan wani ya so ya ɓata maka rai sai ya kira ka Takaruni, kuma a bayan kalmar akwai tsohon zargin da kowa ya sani, wai mu ne masu asiri da ƙulle-ƙulle. Baffa ya tsani wannan zargi fiye da yadda ya tsani talauci. Ko laya ya gani a wuyan jaririn dangi, sai uwar yaron ta gwammace ba ta zo gidansa ba.

Mu uku ne a gonar. Ni, da wani tsoho Bachade mai ban-ruwa wanda ya girmi Baffa ma, da mutumin da wannan labari ya shafa. Daga tsaunukan Himalaya ya zo, can arewacin Indiya wajen iyakar Nepal. Gajere ne mai faɗin ƙirji, ƙwaurinsa kamar taɓarya, kuma ban taɓa ganin wanda ya kai shi hawan dabino ba. Musulmi ne ɗan Musulmi. Ya ce a ƙauyensu gidajen Musulmi bakwai ne kacal, sana'arsu sayar wa matan tsauni awarwaron gilashi, suna bi gida-gida. Duk ranar Asabar da safe zai yi wanka ya taka da ƙafa zuwa masallacin Ƙuba ya yi nafila ya dawo, ni da aka haifa a garin kuwa sai in yi wata uku ban leƙa ba. Da Larabcin ma'aikata muke magana, wanda rabinsa nuni ne da hannu, amma muna fahimtar juna sarai.

Burinsa ɗaya ne, kuma duk wanda ya zauna da shi minti goma ya san shi. Yana so ya kawo mahaifiyarsa umara a watan azumi, ya tura ta a keken guragu da hannunsa har gaban kabarin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Tsohuwa ce, ƙafafunta sun ƙi, ba ta taɓa hawa ko jirgin ƙasa ba, kuma ta ce ba za ta tashi ba sai in shi ne zai tarbe ta. Shekara huɗu yana haɗa wannan tafiya. A shekarar da nake magana komai ya kammala, fasfo ya fito, an sa lokaci.

Sai na ɗan yi bayanin aikin, domin wanda bai san dabino ba zai zaci ruwa kawai ake ba shi. Dabino akwai mace akwai namiji. Idan sanyi ya fara tafiya, furen mace yakan tsage, sai a hau a cusa masa reshen furen namiji a ɗaure. Talƙihi muke ce wa wannan. Wahalar ita ce furannin itace ɗaya ba sa tsagewa rana guda, kuma wanda ya tsage kwanakinsa ƙidayayyu ne, in an wuce su an wuce. Saboda haka kowace itaciya sai an hau ta sau biyu, sau uku, wani lokaci huɗu. Furen da aka bari ba talƙihi zai yi 'ya'ya dai, amma ƙanana marasa ƙwallo waɗanda ba sa nuna, shis muke ce musu, awaki ake zuba wa. Itatuwanmu sun haura ɗari uku, dogaye ne tsofaffi, daga ƙasa ba ka iya ganin abin da ke sama.

Mutumin tsauni bai iya rubutun da zan karanta ba, ni ma ban iya nasa ba. Sai ya fito da dabararsa. Duk itaciyar da ya hau, idan ya sauko sai ya ajiye dutse ɗaya a gindinta. Ya sake hawa, ya ɗora na biyu a kan na farko. Idan ya bar furen da bai tsage ba, sai ya jingina wani siririn dutse ta ɓangaren da furen yake. Da safe yakan bi layi yana kallon gindin itatuwa, ya san wadda ke jiransa da wadda ta gama. Shekara uku muna haka, kuma shekarun nan uku su ne gonar ta fi yin albarka tun da na san ta. Na san ma'anar duwatsun nan kamar yadda na san lambar wayata. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya nema mini uzuri daga baya.

Da rana idan zafi ya yi, mukan zauna ƙarƙashin wata tsohuwar magarya da ke bakin rijiyar da aka daina amfani da ita. Mutumin tsauni ya dafa shayinsa mai madara da citta, ni kuma in ja shi da tambaya. Ni na fara, ba shi ba. Na tambaye shi sauran mutanen ƙauyen da ba Musulmi ba me suke bauta wa, sai na ga na taɓo rijiya mai zurfi.

Ya ce kowane ƙauye da ubangijinsa na kansa, kuma ba kamar yadda nake zato suke ɗaukarsa ba, kamar mai gari suke ɗaukarsa. Yana da gonakinsa, yana da makaɗansa, yana da wani gadon ɗauka da aka jera wa fuskoki na tagulla aka lulluɓe da yadi ja. Maza huɗu ke saɓa shi a kafaɗa, kuma za su rantse maka ba su ke juya shi ba, shi ke juya su. Na ƙauyensu yana da ƙanwa a kwarin da ke bayan tsauni, bayan 'yan shekaru sai a ɗauke shi a kai shi ziyara, gari duka ya bi shi da ganguna, a kwana uku a hanya. Akwai kuma na ƙauyen ƙetaren rafi wanda ba sa ga maciji da nasu tun zamanin kakanni saboda rigimar makiyaya, idan gadajen biyu suka haɗu a hanya sai kowane ya juya wa ɗan'uwansa baya.

Abin yana da bakin da yake magana da shi. Wani talaka ne a ƙauyen, tela ma, amma idan aka kaɗa ganga aka turara hayaƙi sai jikinsa ya ɗauki rawa, gashinsa ya warware, ya fara magana da wata murya. A nan ake kawo ƙarar akuyar da ta ɓata da ta iyakar gona. A raina na ce ai wannan bori ne, har da ɗan girman kaina, kamar ba daga cikin masu shi muka fito ba. Ya ce shekarar da ruwa ya ƙi sauka, mutanen gari suka fusata suka kulle ubangijin nasu a ɗaki mai duhu, suka ce ba zai ga rana ba sai ya yi aikinsa. Wannan kam na yi dariya har shayi ya sarƙe ni.

Shi ba ya dariya, ba ya kuma nuna ya yarda. Yakan ce maƙwabtansu ne. Su ke sayen awarwaron mahaifiyarsa idan bikin abin nasu ya zo. Lokacin da mahaifinsa ya rasu a tsakiyar sanyi, mazan gidaje bakwai ɗin nan duk sun tafi neman abinci a birane, waɗannan maƙwabtan ne suka saɓa gawar suka gangara da ita har maƙabartar Musulmi, suka tsaya nesa aka yi salla.

Ya san tarihin wurin ma. Ya ce a kan tudun da ke saman ƙauyen akwai kangon ganuwa, na lokacin da kowane tsauni ke da sarkinsa, sarkin da in ya tsaya a ƙofar gidansa yana hango iyakar mulkinsa. Sai wasu mayaƙa suka zo daga gabas da lanƙwasassun wuƙaƙe suka haɗiye su duka, suka yi mulkin da har yau idan mutum ya zalunce ka a can sai ka ce ko zamaninsu ne ya dawo. Bayansu Turawa suka zo, suka kwashi samari aikin soja. Duk waɗannan sun zo sun wuce, in ji shi, amma gadon nan mai fuskokin tagulla yana nan.

Labarin da ya fi kama ni shi ne na mashigin tsauni. Ya ce a da gishiri daga bayan manyan tsaunuka ake kawo shi, kuma ba raƙumi ba jaki, tumaki ake ɗaura wa 'yan jakunkuna biyu-biyu, garke guda ya zama ayari. Wani falke ya makara a hanya, ƙanƙara ta rufe mashigin, ya ɓata shi da tumakinsa, sai da bazara aka tsinci ƙasusuwansu da gishirin ya narke a kai. Daga nan matafiya suka riƙa jin ƙararrawar tumaki a cikin hazo. Sai aka ce ya zama mai tsaron mashigin, aka tara masa duwatsu, duk wanda ya zo wucewa ya ɗora ɗaya. An rufe iyakar tun kafin a haife shi, fataucin gishiri ya mutu, amma tarin duwatsun sai girma yake.

Na tambaye shi, da tsokana, ko shi ma ya taɓa ɗorawa. Ya ce ya ɗora, ba sau ɗaya ba. Na zaro ido na ce a'uzu billahi. Sai ya ajiye kofinsa ya yi mini bayani a hankali, yana neman kalmomi. Ya ce shi ma ya tambayi mahaifiyarsa ranar farko da suka bi ta wurin da kayan awarwaro a ka.

"Ta ce mini, mu ba don shi muke ɗorawa ba, Allah ɗaya ne. Amma idan hazo ya sauko, ba ka ganin hannunka, tarin nan kaɗai ke nuna hanya. Iska tana zubar da shi kullum. Wanda ya wuce bai ƙara ba, ya ci wahalar wasu."

Na ji wannan magana da kunnena, har na gyaɗa kai na ce tsohuwar tana da hankali.

Juma'ar da ta biyo baya muka taru gidan Baffa. An ci shinkafa da nama, an kawo tuwo da miyar kuka don tsofaffi, aka koma kan shayi, idanu suka juyo kaina. Na buɗe jakar labaraina. Na ba su ubangijin da ke zuwa ganin ƙanwarsa, na ba su wanda aka kulle a ɗaki. Na tashi tsaye na cire shimagin da na yafa a kaina na kwaikwayi telan nan yana rawar jiki yana yanke hukuncin akuya, har Baffa ya riƙe ciki yana share hawaye. Na kawo falken gishiri da tarin duwatsunsa, na rufe da cewa ai mutuminmu ma ya ce ya taɓa ɗora nasa. Aka yi salati ana dariya. Maganar mahaifiyarsa kuwa na bar ta, saboda ba ta da ban dariya, za ta kashe mini hira. Wannan shi ne dalilin, babu wani. Na sayar da mutum don a yi mini tafi a kan tabarmar cin abinci.

Bayan kamar mako biyu, ana tsakiyar talƙihi, saura ƙasa da wata a ɗauki azumi, Baffa ya zo gona da la'asar tare da maƙwabcinmu, wani attajiri mai babbar gona a bayan katangarmu. Baffa ya daɗe yana neman shiga wurin mutumin nan. Suna zagayawa ina biye da su da butar gahawa, sai maƙwabcin ya tsaya ya nuna gindin wata itaciya da sandarsa, ya duba gaba ya ga wani tarin, ya ga wani. Ya yi murmushi ya ce da Larabci, cikin wasa, ya Hajji mene ne wannan kuma, ko irin aikin nan naku ne na Takarir shi ya sa gonarka ta fi tawa 'ya'ya?

Na ga wuyan Baffa ya kumbura. Ya yi 'yar dariyar yaƙe, sannan ya juyo kaina da Hausa, murya ƙasa-ƙasa.

"Kai, wannan ba shi ne tarin duwatsun da ka ba mu labari ba?"

Na ce, "Baffa, alamar talƙihi ce, yana ƙirga—"

"Ba ita na tambaye ka ba. Ya ce maka ya taɓa ɗora dutse a kan tarin gunkin nan nasu, ko bai ce ba?"

"Ya ce."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Sauran maganar tana bakina, jimla biyu ce, ni da nake iya yin awa guda ina zuba ba numfashi. Amma gidan da nake zaune na Baffa ne, aikin nasa ne, ga maƙwabcin nan yana kallona da murmushinsa, ni ma ban so in zama Takarunin da ke kare duwatsu ba. Na sunkuyar da kai ina gyara murfin buta.

Baffa ya sa aka kira mutumin daga kan itaciya. Ya sauko da igiya a ƙugu, ƙurar fure fari fat a gashinsa da girarsa. Baffa ya rufe shi da faɗa da Larabci mai sauri, da ƙarfi yadda maƙwabcin zai ji kowace kalma: shirka a garin Manzo, a gonarsa, shi da bai taɓa yarda ko laya ta shiga gidansa ba. Mutumin bai kama rabin maganar ba. Ya nuna duwatsun, ya nuna sama, ya ɗaga yatsu biyu, uku. Da ya ga ba a saurarensa sai ya juyo gare ni.

"Wakili, kai ka sani. Gaya masa."

Na ce, "Na gaya masa."

Ya daɗe yana kallona, ba da fushi ba, da mamaki. Na fi son a ce ya tofa mini yawu.

Baffa ya sa takalmi ya shure tarin da ke gabansa, ya ce kafin magariba kada ya ga dutse ko ɗaya a gindin itace. Tsohon Bachade ya ce bayansa ke ciwo, ya juya ya tafi wajen injin ruwa, ko kallon Baffa bai yi ba. Ni na ɗauki baro. Ni na bi layi-layi ina kwashe aikin mutum na mako biyar ina zubarwa bayan katanga, alhali na san abin da kowane dutse ke faɗi. Layin ƙarshe na bakin katanga kaɗai ya rage aka kira salla, na bar shi don gajiya, ba don kirki ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wurin da Baffa ya tsaya yana ba da wannan umarni. Ƙarƙashin magaryar nan ne. Magaryar da saiwarta ta fasa bakin rijiya, wadda aka sha ba shi shawarar ya sare ya ƙi, saboda Kaka, mahaifiyarsa, ta ce wurin da masu shi. Da idona ina ƙarami na ga Kaka tana ajiye ɗan kwanon nono a gindinta ranar Alhamis, kuma Baffa ne ke tuƙo ta a mota. Har yau ba ya bari a zubar da ruwan zafi a wurin. Wannan duk na sani, shi ma ya san na sani.

Washegari Baffa ya kira ni ya ce ya yi tunani, ba zai kai maganar gaba ba, don in ta je hannun hukuma abin ba zai yi wa mutumin kyau ba. Zai buga masa takardar fita daga ƙasar ta dindindin kawai, ya koma garinsu lafiya. Ya faɗi haka yana jin daɗin kansa, kamar ya 'yanta bawa. Na ce Baffa uwarsa fa tana zuwa da azumi. Ya ce Allah ya ba ta wani mai tura ta. Na je gida na faɗa wa matata, ta dube ni ta ce to kai me ka ce? Na ce ai na yi iya ƙoƙarina. Ta ci gaba da yankan albasarta.

Ni na kai shi filin jirgi, saura kwana goma azumi. Jakarsa ɗaya, sai galan ɗin zamzam. Ya roƙe ni mu biya ta Ƙuba, na tsaya a waje cikin mota ya shiga ya yi raka'a biyu, ya daɗe. Na shirya maganganu iri-iri na ban haƙuri, babu wadda ta fito. Shi kuma yana kallon gonakin da muke wucewa. Sai da muka tsaya, ya sauke jakarsa, sannan ya leƙo ta taga.

"Wakili, layin katanga. Ta uku da ta bakwai, akwai furen da bai tsage ba, ta gabas. Ranar Laraba a hau."

Ya yi mini sallama ya shige.

Ni ban iya hawa ba, tumbina ba zai bar ni ba. Na ɗauko 'yan aikin yini guda biyu, na tsaya a kansu a layin katanga inda duwatsu suka rage, muka bi alamunsa ɗaya bayan ɗaya, ta uku da ta bakwai ranar Laraba. Sauran gonar kuwa sai abin da suka ce mini. Su hau su sauko su ce halas, an gama, ni ba ni da hanyar sani. Wasu itatuwan an hau su sau biyu a banza, wasu ba a waiwaye su ba har lokacin ya wuce.

Da zafi ya kankama aka shiga girbi, sai gaskiya ta rataya a sama kowa yana gani. Fiye da rabin gonar shis ne, 'yan ƙanana kore-kore uku-uku a maƙale, ko tsuntsu ba ya taɓawa. Mota biyu muka loda wa wani mai awaki a hanyar Khaibar. Layin katanga kaɗai ya yi nauyi har sai da muka tokare rassan. Tsohon Bachade ya tsaya yana kallon layin, ya dube ni, ya ce wakili ai ga lissafin nan ya fito.

Na zaci wannan zai sa Baffa ya yi shiru ko da bai nemi gafarar kowa ba. Ashe ban san shi ba. A cin abincin Juma'a, a gaban kowa, ya girgiza kai ya ce to kun gani ko, sai da la'anannen nan ya bar mana mugun abu a gona kafin ya tafi, Allah ne ya taimake mu muka gano shi da wuri. Kawuna suka gyaɗa. Wani ɗan'uwana ya taɓa ni ya ce in sake yi musu telan nan mai rawar jiki, don ranar ba ya nan.

A ranar ne na yi magana, lokacin da ba ta da sauran amfani. Na faɗi ma'anar dutse ɗaya da biyu da na jingine. Na faɗi abin da tsohuwar ta ce game da hazo. Na ce layin da duwatsun suka rage shi kaɗai ya haihu, in asiri ne ai can ya kamata ya lalace. Bakina ya ƙi tsayawa, na kawo magarya da kwanon nonon Kaka, na tambayi Baffa wa ke tuƙo ta. Baffa ya kalle ni ya ce shayinka zai huce, ɗana. Wani ya kunna talabijin. Shi ke nan fa. Ba a kore ni ba, ba a yarda da ni ba, Juma'ar gaba aka ci gaba da cin shinkafa. Ni dai tun daga ranar ban sake buɗe musu hira ba, su kuma suna cewa girma ne ya zo mini.

Da lokacin talƙihi ya zagayo, Baffa da kansa ya aiko da gwangwanin jan fenti da buroshi, ya ce duk itacen da aka hau a ja masa layi ɗaya, in an sake a ja na biyu. Ya ce dabara ce da ya gani a wata gona.

Na yi wata da watanni lambar mutumin tana cikin wayata ban iya taɓawa ba. Sai a sanyin da ya biyo baya na kira, da hantsi, ina zaune bakin rijiya. Ya ɗauka, na ji iska tana kaɗawa a bayansa. Ya gaishe ni kamar jiya muka rabu, ya tambayi tsohon Bachade da bayansa. Na tambayi mahaifiyarsa. Ya ce ta rasu wata biyu da suka wuce, ba ta yi doguwar jinya ba, fasfonta yana nan a cikin akwatinta sabo. Ya ce maƙwabtan nan ne suka taya shi saɓa ta zuwa maƙabarta. Na yi masa ta'aziyya, na fara cewa ka yafe mini, shi kuma ko bai ji ba ko ya ƙi ji. Ya tambaye ni ko ta uku da ta bakwai sun yi 'ya'ya.

Na ce sun yi, sun fi kowace itaciya a gonar.

Ya ce alhamdu lillahi, har na ji murmushi a muryarsa. Ban gaya masa inda dabinon ya tafi ba. Baffa ne ya sa aka zaɓe shi ɗaya-ɗaya aka jera a kwali biyu masu kyau, ya ce a kai wa maƙwabcinmu na bayan katanga kyauta, kuma ni na ɗauka na kai.